Allon Teku Daga Shagon Sakkwato

Shekara 14 ke nan ina sayar da kayan wasanni a Sakkwato. Ƙwallo, takalman gudu, rigunan 'yan wasa da ƙarafan motsa jiki, su ne abincina. Kasuwa takan buɗe idan makarantu sun shiga gasa, ko an shirya wasa a filin Giginya. Sauran lokaci kuwa sai oda: mutum ya nuna min hoto a waya, ni kuma in nemo masa ta hannun abokan cinikina na Legas.

Da irin wannan hoton ɗan maƙwabcina ya shigo min bayan ƙaramar Sallah. Aiki ya kai shi Legas, abokai suka tsallaka da shi Tarkwa Bay a jirgin ruwa, ya ga samari suna tsaye a kan allo, igiyar teku tana koro su zuwa gaɓa. Abin ya shiga ransa.

"Baba, irin wanga nika so," in ji shi.

Na karɓi wayar, na ɗaga kai na dube shi. Yaron nan dogo ne, ƙafa 6 da inci 4, ga jiki kamar ɗan kokawa. Na ce ya hau sikelin shago, ya buga kilo 108. Allon hoton kuwa ɗan siriri ne mai tsinin baki, bai wuce ƙafa 6 ba, irin na gwanaye.

Na ce, "Ɗana, ka ba ni mako guda." Ban taɓa sayar da shi ba, kuma ba na karɓar kuɗin mutum a kan abin da ban bincika ba.

Abin da na fara ganewa shi ne, bayan tsawo da faɗi da kauri, ana rubuta wa allon lita, wato yawan ruwan da zai ture idan an danna shi ciki. Lita ɗaya tana ɗaukar kusan kilo ɗaya. Nan take Argungu ta faɗo min a rai. Duk wanda ya ga masunta a kan gora ya san ƙato ba ya hawa gorar yaro. Ƙananan allunan gwanaye lita 25 ne zuwa 35. Mai kilo 108 ya kwanta a kai, allon zai nutse ƙarƙashinsa, ya yi ta tuƙi da hannu har kafaɗa ta mutu, igiyar ruwa ta wuce ta bar shi. Gwani yana rufe wannan giɓin da iyawa, ɗan koyo kuwa ba shi da ita tukuna. Shi ya sa masu koyarwa suke cewa litar allon farko ta kusanci kilon mai shi.

Tsawonsa ma da nasa lissafin. Dogon mutum idan ya miƙe, nauyinsa yana can sama, tangaɗi kaɗan zai zubar da shi. Yana buƙatar faɗin inci 23 ko 24, da allon da ya ɗara shi da kamar ƙafa 3. Sai na tsaya a kan ƙafa 9 zuwa 10, lita 100 ko kusa da haka, kuma na soso mai taushi. Ɗan koyo zai faɗi ba adadi, allo zai buge shi, wani lokaci ya bugi na kusa da shi, to gara soso da mai tauri. Na kuma dage a samo mai sanduna biyu ko uku na katako a ciki, don mai nauyi yana lanƙwasa allon da ba shi da ƙashin baya. Maɗaurin ƙafa kuma, wato igiyar da ke haɗa allon da ƙafar mai shi, tsawonsa ya kai na allon.

Da ya dawo na zayyana masa, fuskarsa ta canza.

"Baba, ai wannan kwalekwale ne. Dariya za a yi min."

Na ce masa kwalekwalen ne zai tsayar da shi a kan ruwa. Idan ƙafarsa ta zauna, ya sayar ya sauko zuwa ƙarami, ni zan nemo masa. Na kuma tambaye shi abin da ya fi damuna: ya iya iyo sosai? Tekun Legas yana jan mutum, ba gulbin Rima ba ne lokacin rani. Sai da ya yi min alkawarin ba zai shiga ba sai tare da mai koyarwa, sannan na karɓi kafin alƙalami.

Allon bai taɓa shigowa shagona ba. Tsakaninmu da Legas kusan kilomita 1,000 ne, abu mai tsawon ƙafa 9 a saman mota ba zai iso lafiya ba, ga zafinmu da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana ɗaye fatar soso. Abokin cinikina ya samo na hannu mai kyau, na sa ya ɗauko min bidiyon kowane gefe, ya danna shi da yatsa ko ya sha ruwa, sannan aka kai wa yaron masaukinsa. Ribata a ciki ba ta kai ta ƙwallo goma ba.

A mako na uku ya turo min bidiyo. Ga shi tsaye, gwiwa a lanƙwashe, farin kumfa yana tura shi har yashi. Na kai wa mahaifinsa bayan Magariba, muka kalla sau huɗu a ƙofar gida. Daga nan na kira yaron na ce ya riƙa ɗauraye allon da ruwan famfo, kuma kada ya bar shi a rana.