Kafin Ka Ɗora Wa Motarka Manyan Tayoyi, Tambayi Kuɗin Saita Agogon Gudu

Ranar da na sauya wa akori-kurata tayoyi, na daɗe a tsaye ina kallonta. Ta ƙara tsayi, ta cika ido. Tayoyin da ta zo da su 265/70R17 ne, na cire na ɗora 315/70R17. Bakaniken da ya ɗaura su yana goge hannu ya ce mini, "Maigida, saura a saita agogon gudu. Yadda take yanzu, abin da zai riƙa nuna maka ba shi ne gudunta ba." Na tambayi kuɗin aikin, ya faɗa, na ce sai wani jiƙon. Tayoyin sun riga sun tatse ni, kuma a ganina allura ce kawai a gaban direba. Wani jiƙon nan sai da ya kai wata 14.

Ƙannena masu sha'awar mota, ku nake yi wa wannan bayani, don na ga da yawanku kuna tara kuɗin taya kuna mantawa da abin da ke biyo bayanta.

Mota ba ta ganin hanya. Juyin taya take ƙirgawa, ta ninka shi da tazarar da aka gaya mata taya ɗaya tana ci a juyi guda. Lambobin jikin taya su ke faɗin wannan. A 265/70R17, faɗin tayar milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, wilin kuma inci 17. In ka haɗa gefe biyu da wili, tsayinta gaba ɗaya ya kusa milimita 803. Ita 315/70R17 ta kusa 873. Tsohuwar tana juyawa kamar sau 397 a kilomita ɗaya, sabuwar kamar sau 365. Kowane juyi ta ƙara cin wajen santimita 22 da kwamfutar motar ba ta san da su ba. Bambancin ya doshi kashi 9 cikin ɗari, don haka yawan kilomitan da agogo ke ɓoye maka yana ƙaruwa ne tare da gudu: a 40 ba za ka ji shi ba, a 100 ya zama abin tsoro.

Na fara gane haka ne ranar da jami'in hanya ya tsayar da ni. Na rantse masa ban wuce ƙa'ida ba, kuma har ga Allah abin da idona ya gani ke nan. Ya nuna mini abin da na'urarsa ta ɗauka, na biya tara, na tafi ina ganin an zalunce ni. Shi ne mai gaskiya. Duk da haka ban koma wurin bakanike ba.

Abin da ya mayar da ni ya faru da yamma, ƙanena yana zaune a gefena. Allura tana kan 100, wata babbar mota a gabanmu ta taka birki ba shiri. Na taka nawa da dukan ƙarfina, a tazarar da na saba tsayawa lafiya. Motar ta ci gaba da tafiya. Ina ganin laka da tsatsar ƙarfen bayan waccan motar suna matsowa, har na iya karanta ƙananan rubutun da ke jikin lambarta, sannan muka tsaya. Tsakaninmu bai kai taku ɗaya ba. Ƙanena ya dafe gaban mota da hannu biyu, bai ce uffan ba sai salati. Da muka samu wuri muka natsu, ya buɗe GPS a wayarsa ya ce in riƙe 100 a miƙaƙƙiyar hanya. Wayar ta nuna 107.

Lissafi ya ce kusan 109, to ina sauran? Masana'antu kan bar agogon yana ɗan ƙara wa gudu. Ƙa'ida ta 39 ta hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da tattalin arzikin Turai, wadda ƙasashe da dama ke bi, ta hana agogon gudu nuna ƙasa da ainihin gudun mota, amma ta yarda ya zarce da abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4 a awa ba. Wato an gina shi ne ya yi kuskure ta ɓangaren da zai kare ka. Manyan tayoyina sun cinye wannan rarar, sun juya kuskuren ya koma ɓangaren da zai cutar da ni. Tazarar birki kuwa ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkin gudun a kansa take bi: ƙarin kashi 7 a gudu ya kusa ƙarin kashi 15 a tazarar tsayawa. Ga kuma nauyin sababbin tayoyin da birkin zai yi kokawa da shi.

Sauran ɓarnar a hankali take shiga. Ma'aunin kilomita yana rage lissafi, duk 5,000 da ya nuna na yi sama da 5,400, don haka kowane juyen baƙin mai a makare nake yin sa. Lissafin shan mai da nake yi shi ma ya rikice. Giyar motar mai canza kanta ce, kuma da saƙon gudu take sanin lokacin hawa da sauka, shi ya sa a hawan tudu take ta kai-komo tsakanin giya biyu. Na ɗauka tsufa ne.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ta hana ni tun farko. Babu farashi ɗaya, ya danganta da yadda motarka take auna gudu. In tsohuwa ce mai kebul, akwai wata 'yar giya mai haƙora, galibi ta roba, a inda kebul ɗin ya shiga giyabos. Taya ta ƙara girma, sai a sa mai ƙarancin haƙora. Wannan ya fi kowanne sauƙi. In ta zamani ce, sansa ce ke aika saƙo daga giyabos ko daga ƙafafun mota, inda birkin ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, ke karantawa. Ita sai an shiga kwamfutarta ta kafar OBD-II, mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996. Aikin ba ya daɗewa, kuɗin na'ura da na ƙwarewa kake biya. Amma ka tambaya kafin a taɓa motar, don na'urar dillali sau da yawa girman tayoyin da masana'anta ta amince da su kaɗai take karɓa. In tayarka ta wuce su, sai dai ka sayi na'urar saiti ta hannu da aka yi don irin motarka, ko a dasa ƙaramin akwati a kan wayar sansa mai gyara saƙon kafin ya isa. Akwatin a wasu motoci allura kawai yake gyarawa, giya ta ci gaba da karɓar tsohon saƙo. Ka tambayi wannan ma.

Nan na yi kuskure na biyu. Na sayi na'urar hannu, ta tambayi tsayin taya, na rubuta inci 35, domin abin da kowa yake kiran 315/70R17 ke nan. A lissafi inci 34.4 ce, kuma in nauyin mota ya hau kanta tana ƙara lotsawa. Sai allura ta koma zarcewa fiye da kima. Bakaniken nan dai na koma wa. Bai ce mini komai a kan maganarsa ta baya ba. Ya duba iska, ya ɗauko alli ya ja layi a gefen taya da ƙasa wuri guda, muka tura motar a shimfiɗaɗɗen siminti har allin ya dawo ƙasa sau uku, ya auna da tef ya raba uku. Juyi ɗaya ya ba mu wajen milimita 2,660, ba 2,742 da takarda ta ce ba. Da wannan awon aka saita, muka fita da GPS muka gwada a 40, a 70, a 100, duk suka zo kusa da juna.

Akwai abin da saiti ba ya gyarawa, kada wani ya ruɗe ku. Babbar taya tana rage wa mota ƙarfin ja. Aksil mai 3.73, wato wanda sandar da ke juya shi take juyawa sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya, yakan koma kamar 3.43 da irin tayoyina, kuma maido da ƙarfin sai an sauya giyar aksil zuwa wajen 4.10, gaba da baya in motar mai ja da ƙafa huɗu ce. Wannan ya ninka kuɗin saiti nesa ba kusa ba. In kana da niyyar yin sa, kuma sansarka a giyabos take, yi shi kafin saiti don kada ka biya sau biyu. Safayar taya ma sai ta yi daidai da sauran huɗun. Da na zauna na haɗa duk wannan kafin in shiga wurin mai taya, da 285/70R17 na saya, wadda bambancinta bai wuce kashi 3 da rabi ba, kuma da na ware kuɗin saiti a cikin kuɗin tayar tun ranar farko.

Kilomitocin da suka ɓace kuma ba su dawowa. A wata 14 ɗin nan ma'auni ya ƙirga kusan 30,000, ke nan wajen 2,600 ba su shiga lissafi ba. Na rubuta wannan a littafin gyaran motar, da ranar da aka ɗaura tayoyi da ranar da aka saita agogo. Lokacin da na zo sayar da ita, shafin nan na fara buɗe wa mai saye kafin mu yi maganar ciniki.