Na Raka Auta Neman Digirin Digirgir

Ba da son raina na yi tafiyar nan ba. Hajiya ce ta kira ni bayan magariba ta ce Auta za ta je Zariya da Kaduna kan aikin karatunta, kwana huɗu, maigidanta kuma yana wurin aiki a Fatakwal, ita ko ba ta yarda yarinyar ta shiga motar haya ita kaɗai ba. Na ce, "Hajiya, kasuwa fa? Kaya nake jira." Ta yi mini irin kallon da take yi mini tun ina ɗan firamare, ta ce Kantin Kwari ba za ta tashi ba don na yi kwana huɗu ban buɗe shago ba. Magana ta ƙare.

Shekarar Auta ta biyar ke nan tana digirin digirgir a fannin tarihi, har abin ya zama na tsokana a gidanmu. Duk wanda ya gan ta sai ya ce, "Dakta, yaushe za mu ci shinkafar?" Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya cinye mata wata takwas, haihuwa ta ci nata rabon, malamin da ke duba aikinta kuma mutum ne da babi guda kan yi wata uku a kan teburinsa. Ni iyakar abin da na sani shi ne tana rubutu a kan auduga. Ban taɓa tambayar fiye da haka ba, alhali shekara ashirin da biyu ke nan ina auna yadi ina sayar da turmin atamfa.

Mun fita bayan asuba ta Na'ibawa. Ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai, hanya duk kore. Da muka iso Kura, ina kallon buhunan shinkafa a bakin titi, sai ta ce, "Yaya, ka san da me aka san garin nan kafin shinkafa?" Na ce rini mana, wa bai san rawani ɗan Kura ba? Ta ce to, turkuɗin da aka rina a karofin garin nan, aka buge shi har ya yi ƙyalli, shi Buzaye ke naɗawa a cikin Sahara. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Tambayar da ta hana ta barci shekara biyar ita ce: ƙasar da ta tufatar da wasu ƙasashe, yaya aka yi yau ɗanta ke zaune a Kwari yana jiran kwantena daga Sin? Na ce da ni kike? Ta yi dariya ta ce ita ba ta kama suna ba.

Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, sai ga mu a Kwangila wajen hantsi. Muka karya dama muka miƙe Samaru.

Masaukinmu gidan ɗan Baffanmu ne, wanda shi ma yake nasa digirin a fannin noma. Auta ko ruwa ba ta gama sha ba ta wuce ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ni kuma na ce bari in ɗan miƙe. Ina! Ɗan Baffa ya miƙo mini takalmin roba ya ce, "Yaya, zo ka ga ofishina."

Ofishin gona ce. An yanyanka ta ƙanana-ƙanana, kowane yanki da ɗan allonsa mai lamba. Ya ce mini tun 1922 ake binciken noma a Samaru, shekara arba'in kafin a kafa jami'ar a 1962, kuma duk irin shukan da na taɓa ji sunansa ya fara da SAM, daga nan ya fito: SAMPEA na wake, SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMCOT na auduga. Shi nasa aikin a kan ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Na san ƙuduji tun ina yaro a gonar kakanmu, ciyawar nan mai fure ja-ja mai kyawun gani da ke sa dawa ta tsumbure. Abin da ban sani ba shi ne yadda take ɓarnarta. Ya tsuguna ya tono gindin wata dawa ya nuna mini: saiwar ƙudujin ta manne da ta dawar tana zuƙar ruwa da abinci, kuma kafin manomi ya gan ta a sama ta riga ta yi ta'adi a ƙasa. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tushe guda na zubar da dubbai, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma ba su tsiro ba, sai sun ji alamar saiwar dawa ko gero ko masara a kusa. Gonar da ta gaji, wadda ba taki, ita ta fi shan wahala.

Na ce to mene ne maganin? Ya ce ɗaya daga cikin dabarun ita ce yaudara. Akwai shuke-shuke irin su waken suya da auduga da ke sa irin ƙudujin ya tsiro, amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu da yunwa. Aikinsa shi ne ya gwada wane jeri na shuka ne ya fi rage ta. Yadda yake aunawa kuwa, ƙirge ne zalla. Ya shiga kowane yanki ya ƙirga tushen ƙuduji ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta, bayan sati biyu ya dawo ya sake. Na taya shi layi uku, ƙuguna ya ce bai san zancen ba. Kuma damina ɗaya ba ta isa hujja, sai an maimaita. In ruwa ya ɗauke da wuri, ko shanu suka shiga, shekara ta tafi, ba inda za a sayo wata daminar. Nan na fara jin kunyar tsokanar da muke yi wa Auta. Ni a tunanina mai digirin digirgir mutum ne da ke cikin sanyin na'ura yana jujjuya littafi. Wannan kuwa tafin hannunsa ya fi na lebura kaushi.

Da daddare aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, matar ɗan Baffa ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa. Baƙi biyu suka zo, su ma duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ɗaya ƙawar Auta ce 'yar Gusau, malamar sakandare, tana nata a ilimin sinadarai. Ita ƙasa da ruwan rijiya take aunawa tana neman dalma. Ta tuna mana da abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen da ake haƙowa don zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta bi ƙasa, yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a garuruwa irin su Bagega, likitocin ƙungiyar MSF sun yi wa yara magani, amma haƙar zinariya ba ta tsaya ba. Ita so take ta san ko gubar ta dawo. Kowane kwalbar gwaji kuɗi ce, daga albashinta. Ta ce malaman manyan makarantun gwamnati kan samu tallafin asusun TETFund, irinsu kuwa sai adashi. Wasu wuraren ma da take son ɗebo ƙasa yanzu ba su shiguwa saboda 'yan bindiga, sai dai ta aika. Ta faɗi wannan tana tsame loma, kamar mai ba da labarin tsadar tumatir.

Ɗayan baƙon shi ya fi tsaya mini a rai. Saurayi ne mai sanyin magana daga wajen duwatsun Kauru, yana nazarin harshe. Harshen kakarsa yake rubutawa, wanda ba a taɓa yi masa ƙamus ba. Yakan je ya zauna da tsofaffi da na'urar ɗaukar murya, ya nuna musu abu ya ce me ake kiran wannan, ya sa su maimaita sau uku saboda karin sauti, don kalma guda in an ɗaga ta ko an sauke ta ma'ana ta canza, kamar yadda muke da kuka na hawaye da kuka ta miya. Na tambaye shi me ke kashe harshen, Turanci ne? Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, Hausa ce." Yaran garinsu da Hausa suke wasa, da ita suke ciniki, da ita ake wa'azi. Shi kansa da Hausa yake mafarki. Kullum mu ne masu kukan Turanci ya cinye mana 'ya'ya; ban taɓa kawo wa raina cewa a wani gidan mu ne kurar ba. Ban sami abin cewa ba, na miƙa masa kwanon miya.

Kwana biyu muka yi a Samaru, ranar ta uku muka kama hanyar Kaduna ta Jaji da Mararrabar Jos. Muka fara da Gidan Arewa da ke titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna kuma aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, wanda yanzu cibiyar binciken tarihi ce ƙarƙashin jami'ar Zariya. Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantar wurin. Auta ta ambaci sunan marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da irin ladabin da almajiri ke ambaton malamin malaminsa. Ta ce shi ma da zai yi nasa digirin a kan tarihin Katsina, bai tsaya kan abin da Turawa suka rubuta ba, gari-gari ya bi yana zama da tsofaffi.

Daga nan sai ma'adanar takardun gwamnati ta ƙasa. In gaya muku gaskiya, na yi niyyar in zauna a mota in saurari rediyo, zafi ne ya kore ni ciki. Aka kawo mata fayiloli ɗaure da igiya, takardun sun yi ja, gefensu na marmashewa, sai an bi a hankali kamar ana ɗaga jariri. Rahotannin Razdan ne da Di'o-Di'o na lardin Zazzau da na Kano. Ta yi awa huɗu ba ta ɗago kai ba. Can sai ta yafito ni da hannu, ta yi ƙasa da murya ta warware mini. Masu masaƙun Ingila sun kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, suna fatan Arewa ta zama gonarsu. Aka kafa injin gurza a Zariya, aka kawo irin Amurka, aka ja layin dogo har ya iso Kano a 1911, da zaton jirgi zai riƙa komawa shaƙe da auduga. Sai ga shi manomi ya yi nasa lissafin. Mai kaɗi da masaƙi na gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, don haka kasuwar ƙauye yake kai ta. Abin da ya cika taragun kuwa gyaɗa ce. Takarda bayan takarda, jami'an mulkin mallaka na ƙorafin an ƙi kawo musu kaya.

Na yi dariya har mai kula da ɗakin ya waiwayo. Ai wannan halin na san shi, shi nake gani kullum a Kwari: kowa inda riba take yake kai kayansa, ko wa ya ce kada ya kai. Sai na ji waɗancan manoman kamar maƙwabtana na layi. Ta ce to ka gani, a littattafai da yawa an nuna kamar akoko da alawayyo na sauka daga jirgi saƙar gida ta mutu nan take. Takardun nan na nuna ta yi shekaru tana kokawa. Abin da take son ganowa shi ne yaushe ta durƙusa, kuma me ya kayar da ita.

Ranar ƙarshe muka je Kakuri. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, har unguwar ta zama ba ta barci saboda canjin ma'aikata dare da rana. Yanzu ciyawa ce a bakin ƙofofin. Ta yi alkawari da wani dattijo da ya yi shekara ashirin da wani abu a sashen saƙa. Muka same shi a ƙofar gida yana gyaran keken ɗinki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na zo ɗaukar karatu." Ya ce wane karatu gare shi, shi da bai wuce aji bakwai ba? Amma da ya fara, sai da la'asar ta yi. Ya yi bayanin yadda wuta ta fara yankewa, yadda man injin ya yi tsada, yadda auduga ta yi ƙaranci, yadda kayan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa da rabin kuɗi. Da ya zo kan wannan sai ya tambayi Auta ni wane ne. Ta ce yayanta ne, ɗan kasuwa a Kwari. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Allah ya ba da kasuwa." Ban san ko addu'a ce ko wani abu ba. Na dai ce amin.

Mun baro Kaduna da sassafe. Har muka wuce Zariya ba wanda ya ce uffan, ita tana rubutu a cinya, ni ina tuƙi ina ta juya maganar dattijon. Wajen Tashar Yari na ce, "Auta, akwai fa abin da takardunki ba za su gaya miki ba. Na san shekarar da muka daina sarin atamfar Kaduna, na san dalili, na san ta inda sabbin kayan suka fara shigowa da waɗanda suka fara zuwa birnin Guwanzu na ƙasar Sin." Ta rufe littafin. Ta buɗe jaka ta fito da 'yar na'urar ɗaukar muryar, ta goge ta da gefen mayafi, ta ɗora a gaban mota ta danna.

"Yaya, fara da sunanka da shekarar da ka shiga kasuwa. Kuma don Allah rage gudu, ƙarar iska na shiga."