Nawa ne suka tsaya?

Ina gama hidimar ƙasa na samu aiki a wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine a Kano. Aikin farko da aka saka ni a ciki na wani fili ne a bakin babban titi a tsakiyar gari, da tsohon gini a kansa wanda ya daɗe da mutuwa a tsaye. Mai wurin yana so a rushe shi, a ɗaga bene, otal a sama, shaguna a ƙasa. Ba sai na faɗi titin ba. Duk wanda gosulo ya taɓa riƙewa tsakanin Bata da Kantin Kwari bayan la'asar ya san irinsa.

Maigidana ya ba ni littafi da biro, ya ce in je in ƙirgo ababen hawa. Kwana uku ina zaune a gindin wata darbejiya ina jan layi: mota, babur, Adaidaita Sahu, babbar mota. Na dawo na shirya lissafin tsaf a kwamfuta, har da launi, ina jin kaina. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Amma waɗannan duk wucewa suka yi. Nawa ne suka tsaya?"

Haushi na ji a ranar, gaskiya. Amma da na koma gindin darbejiyar na daina kallon kwalta na koma kallon gefenta, sai na ga kamar ban taɓa zuwa wurin ba. Ashe gaban filin nan da muke rubuta "fili" a takarda tasha ce, ba wanda ya sa mata suna. Nan 'yan Adaidaita ke sauke mata masu shiga kasuwa, kuma saukar ba ta minti ɗaya ba ce: sai an sauko da yara, an jawo buhu daga baya, an tsaya neman canji. Na bayansa ba zai jira ba, sai ya gitta ya tsaya a gefensa, na uku ya tsaya a gefen na biyu. Kafin ka ce kwabo titi mai hannu uku ya koma hannu ɗaya. Ga 'yan dako suna jiran lodi, ga mai shayi da ke kafa tebur da magariba, ga mai faci da tayoyinsa a kan kwalbati.

Littattafan da muka karanta a makaranta da mota suke lissafi, wadda za ta shigo ta yi fakin ta fita. Kano kuwa ƙafa uku ce ke ɗauke da ita. Tun da aka kawo Adaidaita Sahu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, sannan aka hana acaɓa a farkon 2013, kusan duk mai zuwa kasuwa a cikinta yake zuwa. Ita kuma ba ta neman wurin ajiyewa, wurin tsayawa take nema. Zanenmu na farko yana da wurin fakin a ƙarƙashin ƙasa mai kyan gani, amma babu ko taku ɗaya da muka bar wa mai saukewa. Da an gina shi haka, tashar nan ba za ta ɓace ba, kan titi za ta hau, daidai bakin ƙofar otal.

A nan ne na fara gane cewa otal da shaguna kishiyoyi ne da aka haɗa gida ɗaya. Mai shago hayaniya yake so, yana so mutane su yi ta gogayya a ƙofarsa, amalanke na shiga na fita. Baƙon otal kuwa ya biya kuɗinsa ne don kada ya ji komai. Idan ƙofa ɗaya suke bi, motar da ta kawo katan-katan za ta tare wanda ke sauri ya kama jirgi. Saboda haka muka raba: ƙofar otal ta koma ta lungu, sauke kaya ta baya, gaba kuma muka ja ginin ciki muka bar wata 'yar kusurwa inda Adaidaita za su riƙa ratsewa daga titi.

Ranar da muka kai wa Alhaji mai wurin wannan zanen ba zan manta da ita ba. Ya ɗora yatsa a kan kusurwar, ya ce, "Wannan fa?" Aka yi masa bayani. Ya ce, "Shago nawa ke nan na rasa?" Maigidana ya ce huɗu, ranka ya daɗe. Ya yi shiru, sannan ya dube ni, ni da na fi kowa ƙuruciya a ɗakin, ya ce, "Yaro, Adaidaita tana biyan haya?" Ni dai na sunkuyar da kai. Kuma ba wauta ya faɗa ba: shagon da ke kallon titi shi ne mafi tsada a kowane gini, huɗun nan su ne kitsen wurin. Maigidana bai yi masa wa'azin amfanin jama'a ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ba ta biya, amma ita ke kawo wanda zai sa mai haya ya biya. In ƙofa ta toshe, na hawa na biyu ma ba za su kai shekara ba." Sai da aka yi zama uku kafin ya yarda, ya kuma ƙwace ɗaya daga cikin huɗun.

Wurin fakin na ƙasa kuwa damina ce ta gyara mana shi. Wani ruwan Agusta ya cika lambatun da ke gaban filin har ya malalo ya kwanta a inda muka zana gangaren shiga. Rami a irin wannan wuri sai da injin zuƙe ruwa, injin sai da wuta, wuta kuma kowa ya san halinta. Muka ɗaga bakin gangaren, muka rage zurfin.

Muna cikin wannan aikin ne aka yi rusau na watan Yunin 2023, lokacin da sabuwar gwamnatin jihar ta rushe sababbin gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da ke titin Murtala Muhammad da shagunan filin Idi. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne da aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba, masu ginin suka ce da takardunsu, magana ta tafi kotu. Namu filin gado ne, bai shiga ciki ba, amma satin nan ba wanda ya taɓa zane a ofis. Tsofaffin takardun fili muka baje a tebur muna bi ɗaya bayan ɗaya, tun daga shaidar mallaka har izinin canza amfanin wuri. Ni da nake ganin wannan aikin lauya ne, ranar na koyi karanta su.

Yanzu ginin yana tsaye. Na bi ta wajen kwanakin baya da yamma, a cikin Adaidaita. Kusurwar tana aiki, sai dai rabinta kawai, don mai lemo da mai gasa masara sun riga sun kafa a ɗaya rabin, su ma ban ƙirga su ba. Direban ya ratse ya tsaya a ɗan abin da ya rage, na sauka ina neman canji, na bayanmu yana ta danna mana hon.