Talata: manhaja ta isa hannun kowa, bayanai ba su bi ta ba

Bayan sallar isha'i.

Yau aka buɗe wa ma'aikatan sito manhajar shige da ficen kaya, wadda aka haɗa a Power Apps, dandalin Microsoft na gina manhajoji. Haɗa ta bai kai mako biyu ba, domin irin manhajar nan ce da ake jawo akwati da maɓalli a jera a allo, a rubuta 'yan ƙa'idoji irin na Excel. Bayananta suna zaune a jeri biyu na SharePoint, wurin ajiye bayanai na Microsoft: ɗaya na sunayen kaya da lambobinsu, ɗaya na kowane buhu da ya shiga ko ya fita. Rabon ta ga mutum 46 a sito uku shi ne ya cinye yinin.

Aikin farko da safe shi ne wallafawa. Adanawa daban, wallafawa daban. Gyaran da aka adana mai gini kaɗai ke ganinsa, sauran jama'a suna kan zubin da aka wallafa na ƙarshe har sai an danna Publish. Gyaran jiya da yamma an adana shi kawai, na wallafa kafin komai.

Daga nan sai rabo. A make.powerapps.com ana zaɓar manhajar, a danna Share, a rubuta sunan mutum ko na rukuni, a zaɓi matsayinsa. Manaja ya aiko da takarda mai sunaye 46, yana so a shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa, "Yallaɓai, shigarwar ba wuya. Ranar da wani ya bar aiki ko aka mayar da shi wani sito, wa zai tuna ya zo ya cire shi daga manhaja, ya cire shi daga jeri biyu?" Idan da rukuni aka raba, wuri ɗaya ake taɓawa: a cire mutum daga rukuni, duk ƙofofin su rufe masa lokaci guda. Microsoft da kansu suna ba da shawarar amfani da rukunin tsaro idan masu amfani sun haura 100, amma ni a ganina ko mutum goma ne, rukunin ya fi.

Nan matsala ta farko ta fito. Akwai tsohon rukuni na ma'aikatan sito da ake aika wa sanarwa ta imel, na rubuta sunansa a akwatin rabo, bai bayyana ba. Dalili kuwa rukunin rarraba imel ne, kuma Power Apps ba ya karɓar irinsa. Abin da yake karɓa shi ne rukunin tsaro na Microsoft Entra ID, wato kundin asusun ma'aikata, wanda har zuwa 2023 ake kira Azure Active Directory. Rukunin Microsoft 365, irin wanda ke bayan kowace tawaga ta Teams, shi ma yana shiga, amma sai mai gudanarwa ya kunna masa alamar tsaro tukuna, galibi ta PowerShell, tagar rubuta umarni. Ba mu bi ta nan ba. Mun ƙirƙiri rukunin tsaro huɗu: ɗaya ga kowane sito, ɗaya na masu duba aiki, kowanne da suna mai faɗin abin da yake buɗewa da kuma mutum biyu masu ikon ƙarawa da cirewa.

Wani ya ce a rubuta Everyone a huta. A'a. Wannan yana buɗe manhajar ga duk wanda ke cikin ƙungiyar, har da baƙin da aka taɓa gayyata daga waje. Mai gudanarwa yana da ikon toshe wannan zaɓi gaba ɗaya, kuma na nemi a toshe.

Matsayi biyu ne a wurin rabo. Mai amfani yana buɗewa ya yi aiki kawai. Abokin mallaka yana iya gyara manhajar ya kuma raba ta ga wasu, sai dai ba ya iya goge ta ko sauya mai ita. Mutum biyu kaɗai suka samu wannan. Kowane abokin mallaka yana iya wallafa gyara a kan mutum 46 ba tare da tambayar kowa ba, shi ya sa ba a bayar da shi don girmamawa.

Wajen ƙarfe 11 waya ta fara ƙara. Manhaja tana buɗewa, amma jerin kaya wayam, wasu kuma jan saƙo a saman allo cewa ba su da izini. Wannan shi ne abin da ya fi kama mutane, kuma shi ne ainihin aikin yau. Raba manhaja bai raba bayanan da ke ƙarƙashinta ba. Idan mutum ya buɗe ta, da sunansa take zuwa SharePoint ta nemi bayanai, ba da sunan wanda ya gina ta ba. Wanda bai da izini a jerin, an ba shi makullin zaure ne, ɗakin ciki yana kulle. Lokacin gwaji abin bai nuna ba saboda masu gwajin duk mamallakan shafin SharePoint ɗin ne.

Hanya mai sauƙi ita ce a zuba kowa cikin membobin shafin, amma membobi suna zuwa da matakin Edit, wanda ke ba mutum ikon sauya ginshiƙan jeri ko goge jerin baki ɗaya. Ga yadda muka yi maimakon haka. A jerin sunayen kaya, rukunonin sito uku sun samu karatu kawai. A jerin shige da fice, na kwafi matakin Contribute, na cire masa alamar goge abu, na ba shi sabon suna, na ɗora rukunonin a kai. Sannan a saitin jerin na zaɓi kowa ya karanta duk abin da aka shigar, amma ya gyara nasa kaɗai. Ke nan mai kula da sito yana shigarwa, yana gyara kuskurensa, ba ya goge tarihi. Waɗanda ba su ga sauyin nan take ba, fita da sake shiga ya wadatar musu.

Abu ɗaya na bayyana wa manaja ƙarara bayan azahar. Manhajar tana nuna wa kowane sito kayansa kaɗai, amma tacewa ce a fuska, ba tsaro ba. Duk wanda ya samu adireshin jerin ya buɗe shi a burauza zai ga na sito uku. Idan ana so a raba da gaske, ko dai kowane sito ya samu jerinsa da izininsa, ko a koma Dataverse, rumbun bayanai na Microsoft, inda ake iya iyakance kowane layi bisa sashen mutum. Ya ce a bar shi haka a yanzu, tunda adadin buhuna ne ba farashi ba. Na rubuta shawarar a takardar aikin.

Mutum biyar sun maƙale a tagar farko da ke neman izinin haɗawa da SharePoint da Outlook. Sun ɗauka tarkon 'yan damfara ne suka ƙi amincewa, kuma ba laifinsu ba ne, mu muka koya musu taka-tsantsan. Da mun sanar da su tun jiya. Mai gudanarwa yana iya ɗauke wannan tagar ta PowerShell. Ya kamata kuma su san cewa imel ɗin da manhajar ke aika wa akanta daga akwatinsu yake fita, da sunansu.

Da la'asar Hajiya ta sashen kuɗi ta nemi a jawo farashi daga rumbun bayanai na SQL Server a saka a manhajar. Mahaɗin SharePoint da na Outlook suna cikin lasisin Microsoft 365 da muke da shi, amma SQL Server da Dataverse na babban mataki ne. Da zarar ɗayansu ya shiga manhaja, duk mai buɗe ta sai ya samu lasisi na babban mataki, irin su Power Apps Premium, ko da bai taɓa leƙa fuskar farashin ba. A farashin dala 20 ga mutum ɗaya a wata, mutum 46 dala 920 ke nan kowane wata. Na ce, "Hajiya, a yi muku taku daban." Su huɗu ne, dala 80. Ta amince.

Abin da ya rage gobe: manhajar tana zaune a muhallin gama-gari na Power Apps, inda kowane ma'aikaci ke iya gina abinsa kuma ba a iya killace shi da rukunin tsaro, don haka za a buɗe mata muhalli nata. Sannan akwai masu aikin wucin gadi uku a sito na biyu da ba su da asusu. An kawo shawarar su riƙa shiga da asusun mai kula da siton, na ƙi, domin duk buhun da suka shigar sunansa zai ɗauka, kuma dokar gyara naka kaɗai ta tashi a banza. Takardar neman lasisinsu tana teburin manaja, su kuma suna rubutu a littafi har a sa hannu.