Ga ƙannena masu son ɗaukar bidiyon ralin mota

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na tsakanin Wudil da Dutse, in ka ce masa gasar mota, abu biyu ne ke faɗo masa a rai. Ko dai wasan motar da samari ke yi ranar ɗaurin aure, a ja birki mota ta juya ƙura ta turnuƙe, ko kuma motocin nan na gasar Dakar da ake gani a talabijin suna keta rairayi. Ralin bin hanya daban yake da su duka, kuma wanda zai yi bidiyo don gabatar da shi ga waɗanda ba su san shi ba, aikinsa na farko shi ne ya raba shi da waɗannan biyun tun a daƙiƙun farko. Ni ban yi haka ba a bidiyona na fari, kuma har yau ina biyan bashin.

Ga yadda wasan yake. Mota ce ta gida, irin wadda ake kai yara makaranta da ita, da mutum biyu a ciki: direba da mai karanta hanya. Kan titin kowa da kowa ake yi, ba a rufe hanya, ba a dakatar da kowa, dokar tuƙi kuma tana nan daram. Masu shiryawa su ba ku takardar hanya, su saki motoci ɗaya bayan ɗaya, galibi da tazarar minti ɗaya, su ce daga nan zuwa wuri kaza ku riƙe matsakaicin gudu kaza. In an ce kilomita 30 a awa, to kowace kilomita minti biyu ce. In an ce 45, daƙiƙa 80 ce. A hanya akwai masu duba lokaci, wani sa'in ba ka san inda suka zauna ba. Ka makara a rubuta maka maki, ka riga lokaci ma a rubuta maka, a wurare da yawa ma hukuncin riga lokaci ya fi tsanani. Wanda makinsa ya fi kaɗan shi ya ci. Gudun da ake bayarwa kuwa ƙasa yake da iyakar da doka ta sa, wadda a Najeriya ga ƙananan motoci kilomita 50 ce a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Saboda haka mai ƙure maleji shi ne na ƙarshe a wannan wasa.

Duk na san wannan lokacin da wasu abokai masu sha'awar abin suka ce in haɗa musu ɗan bidiyo, ko Allah zai sa matasa su shigo. Sanin bai hana ni shirme ba. Na buɗe da guntayen hotunan Dakar da na sauko da su daga intanet, wai don in ja hankali. Har da bayani na yi, cewa an fara gasar a ƙarshen 1978 daga Paris, ta riƙa ratsa Nijar ta Agadas, aka soke ta 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Duk gaskiya ne, amma babu abin da ya haɗa shi da motar abokina makanike da ke tafiya a hankali kan burji. Da na zo ɗaukar tamu motar sai na ga ta yi lami a kyamara, sai na ce wa direban ya koma baya ya taho da ƙarfi don ƙura ta tashi. Na ɗora kiɗa mai zafi a kai, na tura.

Bidiyon ya zagaya, ba laifi. Sai dai babu yaro ko ɗaya da ya zo ya tambaye ni yadda ake karanta takardar hanya, domin ko sau ɗaya ban nuna ta ba. Abin da ya biyo baya shi ne samarin unguwa suka fara tseren babura a kan wannan burjin da yamma, suna cewa rali suke yi. Ƙanin mahaifina ya same ni a ƙofar gida bayan sallar Magariba, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗana, kai ka koya wa yaran nan wannan haukan?” Na ce, “Baba, wallahi wasan ba haka yake ba, lissafi ne da bin lokaci.” Ya ce, “To ina lissafin a abin da ka nuna? Ni ma na kalla.” Ban sami ta cewa ba.

Saboda haka in za ka ɗauka, ka shiga cikin motar. Wasan yana kujerar mai zaman banza, wadda a nan ba ta banza ba ce ko kaɗan. Ka zauna a baya, ka ɗaura bel, ka sa wayar ta saitin kafaɗar mai karanta hanya yadda za a ga takardar da ke kan cinyarsa da titin da ke gaba a lokaci guda. Takardar nan ita ce abin kallo. Kowane layi yana da nisan da za a kai, da ɗan zane: ɗigo a ƙasa yana nuna inda ka fito, kibiya tana nuna inda za ka bi, sauran hanyoyin mararrabar kuma an ja su ba kai. Irin wannan zanen ya yi suna ne daga wata gasar rali ta ƙasar Holan, kuma alherinsa shi ne ko wanda bai yi boko ba yana gane shi. Na taɓa nuna wa wani dattijo mai amalanke shafi ɗaya, ya ɗora yatsa a kan ɗigon, ya bi layin, ya ce, “Wannan ai mararrabar gindin kukar nan ce, hagu za a yi.” Ya kuwa yi daidai. Irin wannan yatsan kan takarda shi ya kamata in buɗe bidiyona da shi.

Ka nuna hannun mai karanta hanya yana kashe layin da aka wuce da biro. Ka nuna agogo. Ka nuna maleji, musamman awon da ake yi a farkon tafiya, wanda sababbi ba su san da shi ba. Malejin motoci ba ɗaya ba ne, girman taya da iskar cikinta ma na sauya shi, shi ya sa ake ware wani yanki na farko don kowa ya gwada nasa da na masu shiryawa. In takarda ta ce kilomita 10 naka ya nuna 10.4, to duk nisan da ka gani a takarda sai ka ƙara masa kashi 4 cikin 100, in ba haka ba za ka sha kwana tun kafin ka iso inda ake nufi, ka tsinci kanka a gonar gero. Wannan bayanin, a faɗe shi a tsaye ba ya shiga. A nuna shi kuwa, takarda a gefe maleji a gefe, nan take ake ganewa.

Sai sauti, wanda ya fi hoto wahala kuma ya fi shi muhimmanci. Mutane na haƙuri da hoto mai rawa, amma in ba sa jin magana sai su wuce. Na taɓa ɗaukar tafiya guda cur gilashi a buɗe, da na zo saurara babu komai sai hucin iska. Ka rufe gilashi ko da zafi zai dame ku, ka kashe rediyo, ka sa wata wayar daban a aljihun gaban rigar mai karanta hanya tana naɗar murya kawai. Kafin a tashi ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, wannan tafin zai taimake ka wajen daidaita murya da hoto in ka zo haɗawa a CapCut ko duk manhajar da kake amfani da ita. Abin da kake nema shi ne hirar nan ta cikin mota: “Saura mita ɗari biyu, bayan kwalbati dama.” “Mun riga lokaci da daƙiƙa goma, sassauta.” Har gardamar da ke tashi in an ɓata hanya, kada ka yanke ta duka. Ita ce ke sa mai kallo ya ji shi ma zai iya, tunda ga manya ma suna ɓata. Kiɗa kuwa, in dole ne, a farko da ƙarshe kawai, kuma ba waƙar mutane ba, don YouTube da Facebook na iya toshe sautin gaba ɗaya.

Kada ka ajiye waya a saman dashbod da rana, za ta ɗau zafi ta mutu ana tsaka da abu. Da hantsi ko bayan La'asar haske ya fi kyau, kuma rana ta kasance a bayanka. Da hunturu ka riƙa goge idon kyamara, hazo da ƙura na sa hoto ya yi fari fat.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta gyara maka, wato hakkin mutanen da hanyar ta ratsa garinsu. Ni na shiga wani ƙauye da motoci da kyamara ba sallama, na ɗauki mata a bakin rijiya don kawai hoton ya yi kyau. Sai da muka koma gaban dagaci da ban haƙuri, muna “Allah ya ja zamaninka, kuskure ne,” na kuma goge wurin a gabansa. Ka fara zuwa wajen mai unguwa ko dagaci, ka faɗa masa rana da lokaci da yawan motocin. In taron ya ɗan yi girma, a sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra. Kada ka ɗauki cikin gidan kowa, ko fuskar mace ko yaro ba da izini ba. Ka kauce wa ranar kasuwa: wanda ya san hanyar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis ya san ba ranar riƙe lokaci ba ce, balle ɗaukar hoto. In za ka ɗauki mota daga waje, kada ka tsaya ta gefen waje na kwana, domin nan mota ke nufa in ta zame a rairayi. Ka nemi tudu, nesa da titi. Kuma har abada kada ka sa direba ya ƙara wuta saboda kyamara, ko ya riƙe waya yana tuƙi.

Tarihi ba laifi ba ne, amma ka zaɓi wanda ke taimakon zancenka. Ralin Monte Carlo da aka fara a 1911, motoci sun taso ne daga birane daban-daban na Turai suka haɗu a Monako, kuma har lafiyar mota da jin daɗin fasinja aka duba wajen ba da maki. Wannan jimla ɗaya ta fi duk hotunan Dakar da na zuba amfani. In kana son misali daga Afirka, ga gasar Safari ta Kenya tun 1953, ga kuma ralin motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu a nan gida. Ka ambata ka wuce.

Ka tuna a wace waya za a kalle ka. Yawancin mutanenmu data tsada take musu, bidiyo kuma ta WhatsApp yake yawo, ko a tura wa mutum a shagon caji. Minti uku zuwa huɗu ya isa, in abin ya yi yawa ka raba shi kashi-kashi. Kada ka dogara da rubutu a kan hoto, ka faɗi komai da baki, da Hausar da ake yi a tasha. Ka kuma sani abin da ya shiga shagon caji ya fita daga hannunka. Na goge nawa na farko daga shafina, amma har yanzu nakan gan shi a wayar mutane.

Kafin ka tura, ka nemi wanda bai taɓa jin labarin wasan ba, ka ba shi wayar, ka yi shiru. In ya gama ka tambaye shi wa ke cin gasar. In ya ce wanda ya riga isa, koma ka sake haɗawa. Da na gwada bidiyona na biyu a kan yaron garejin abokina, ya amsa daidai, sannan ya jefo mini tambayar da ban shirya mata ba: “Yaya, in garken shanu ya tare hanya fa, lokaci na tafiya?” Amsar ita ce ka tsaya har su wuce, mai karanta hanya ya rubuta mintunan da aka ɓata. A wasu gasannin ana ba da damar neman rangwamen lokaci a wajen masu dubawa, inda kuma babu, sai ka karɓi makinka ka ci gaba da gudun da aka ba ka. Na koma na ɗauki wannan wurin na ƙara a ciki, kuma ban sha wahalar samun shanun ba.