Masu duban sama a dutsen Mauna Kea

Tun da na fara leƙa hasashen yanayin Mauna Kea, dutsen nan na Hawai mai tsayin mita 4,207, na daina raina aikin masu hasashe. A ƙolinsa ne manyan na'urorin hangen taurari irin su Keck suke. Ba gajimare kaɗai ke damun masanan da ke aiki da na'urorin ba, har da danshi da ƙarfin iska, da yadda iskar sama ke motsi.

Wannan motsin ne ke sa taurari ƙyafƙyaftawa, abin da muke kallo a tsakar gida muna yara muna murna. Su kuwa asara ce, hoto ya dushe. In raɓa ta sauko, rufe rumfar na'urar ake yi, masanin da ya yi watanni yana jiran darensa ya kwana da kofin shayi.