Yadda na dawo da ruku'una

Shekarata 17 ina taka keken ɗinki, amma ban san abin da nake yi wa bayana ba sai ɗinkin sallar bara. Daga an idar da tarawihi muna shago har sahur. Ranar idi na sunkuya zan yi ruku'u, kwankwasona ya riƙe kamar an soka mini ƙusa. A zaune na ƙarasa sallar.

Babu abin da ban gwada ba. Man zafi, ƙaho wurin wanzami, Diclofenac daga kemis har cikina ya fara ƙuna. Autana ma ya sha hawa gadon bayana yana tattakawa, uwarsa na faɗa. Sai da aka yi wata biyar a haka kafin na yarda na je sashen gashin ƙashi na asibiti.

Mai gashin bai taɓa ni nan take ba. Ya tambaya ko ƙafata na mutuwa, ko fitsari na kufce mini, ko ina zazzaɓi ko ramewa ba dalili. Ya ce da akwai ɗaya daga cikinsu, wurin likita zai tura ni a ranar, don irin wannan ba na tausa ba ne. Sannan ya tsayar da ni gaban madubi. Wallahi na ji kunya. Kafaɗar dama ta sauka, na fara doro, kaina ya leƙo gaba kamar na kunkuru. Ya ce kan mutum ya kai kilo 5, kuma duk sanda ya leƙo haka, tsokar wuya da ta allon kafaɗa ke ɗaukar dakonsa yini guda.

Abin da ya ba ni mamaki, inda ke mini ciwo bai daɗe a wurin ba. Ya sa gwiwar hannu a tsokar mazaunai, ya danna a hankali ya tsaya, ya ce in yi numfashi mai tsawo. Da farko sai da na cije leɓe, can sai na ji wurin ya saki kamar an kwance ƙulli. Daga nan ya koma gaban ƙugu, wurin tsokar da ta taso daga ƙashin baya ta sauka cinya, wadda dogon zama ke ɗaurewa. Ya ƙare da ƙirji. Ni da na zo da ciwon baya, ana murza mini ƙirji! Daren nan na yi barcin da na manta irinsa.

Bayan kwana uku ciwon ya dawo, na koma ina ƙorafi. Ya yi dariya ya ce, “Malam, minti 40 kake yi a hannuna, sauran makon kana kan benci. Wa kake ganin zai yi nasara?”

Maganar ta tsaya mini. Na ba yara bencin, na sayi kujera mai majingina, na naɗe tawul na sa a ramin baya. Na gano rabin sunkuyon da nake yi don ganin allura ne, sai na sauko da fitila kusa da keken. Ɗamarar baya da na yi niyyar saye kuwa ya hana ni. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ba ta goyi bayanta ba, ta fi karkata ga motsa jiki, tausa kuma a matsayin taimako.

Zuwa takwas na yi. Ciwon bai ɓace ɗungurungum ba, ranar da aiki ya yi yawa yana leƙowa. Amma ina ruku'u, ina ɗaukar autan. Yanzu duk rigar da na gama sai na miƙe na zaga bayan shago kafin in ɗauki wata. Yaran shago har sun sa mini ido, in na manta sai ka ji ɗaya ya ce, “Maigida, ba ka tashi ba fa.”